Gargaɗi Ga Masu Ciwon Ƙafa A Kan Sayen Takalmin Gudu

Yau maganarmu a kan takalmi take, watau irin wanda ake sawa don gudu ko tafiyar motsa jini, wanda jama'a suka fi sani da kambas. Wani zai ce ina ruwan jarida da takalmi, ga manyan al'amura birjik a ƙasa? To, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Akwai bayin Allah da aka yanke wa ƙafa a asibiti, waɗanda da za a bi sawun abin har tushensa, sai a tarar ɗan ɗinki ne a cikin takalmi ya fara goge musu yatsa.

A zamanin nan likitoci sun dage wa jama'a da batun motsa jiki, kuma da gaskiyarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri. Mai hawan jini an ce ya taka, mai ciwon sukari an ce ya taka, mai ƙiba ma haka. Saboda haka da asuba sai ka ga dattawa da samari, har da mata, sun bi gefen kwalta da filayen makarantu suna sassarfa. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne abin da za su sa a ƙafa. Sai mutum ya fito daga ɗakin likita ya zarce kasuwa, ya ɗauki wanda ya fi ƙyalli, ko wanda ya ji sunansa a bakin 'yan ƙwallo, ko kuwa ya aiki yaro da kuɗi ya ce masa, "Lamba 43." Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda aka umarta da tafiyar nan su ne masu ƙafar da ta riga ta fara ƙorafi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ƙafa ake tambaya kafin a sayi takalmi, kuma ita za ta yanke hukunci. In kuwa ƙafar ta daina ji, kamar yadda yakan faru ga masu ciwon sukari, to ido da hannu da likita su za su tsaya mata.

Mu fara da sanin abin da ake yi wa suturar. A kowace ƙafa akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga jijiyoyi da tsokoki fiye da 100 da ke ɗaure da su. Ƙafafu biyu ke nan sun kwashe ƙashi 52, watau kusan rubu'in ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Sa'ad da mutum ke gudu, duk takun da ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafa ɗaya yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Mai kilo 80 ke nan yana sauke wa ƙafarsa abin da ya fi buhun siminti uku, kuma a kowace kilomita zai taka ƙasa wajen sau 1,000. Ɗan matsin da ba za ka kula da shi ba daga zaure zuwa bakin titi, in aka maimaita shi sau 5,000 ya zama bororo.

Masu gardama sukan kawo labarin Abebe Bikila, mutumin Habasha, wanda ya ci gudun yada-ƙanin-wani na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960, kilomita 42 da 'yan kai, ƙafarsa ba takalmi. Su ce ka gani, ashe takalmi ado ne kurum. Amma su ƙarasa labarin mana. Sabon takalmin da ya samu a Rum bai zauna masa daidai ba, ya tayar masa da bororo, shi ya sa ya ajiye shi. Shi kuwa ya saba gudu haka nan tun a gida, tafinsa lafiyayye ne mai kauri. Bayan shekara 4, a Tokiyo a 1964, ya sake cin gudun sanye da takalmi, har ya rage wajen minti 3 daga lokacinsa na Rum. Haka kuma Eliud Kipchoge na Kenya, a gudun Balin na 2015, shimfiɗar cikin takalminsa ta zame ta fito waje tana lilo tun farkon tsere. Ya ci gudun, amma ya ƙare da ƙafa duk bororo. In gwanayen duniya masu lafiyayyar ƙafa sun sha wuya a hannun takalmin da bai zauna ba, ina ga dattijo mai ciwon dunduniya?

Kada kuma suna da talla su ruɗe ka. A 2011 kamfanin Reebok ya yarda ya biya dala miliyan 25 a Amurka, a 2012 kamfanin Skechers ya yarda ya biya dala miliyan 40, bayan hukumar da ke kula da ciniki ta ƙasar ta tuhume su da tallan wasu takalma da suka ce suna ƙarfafa tsoka, ba tare da isasshiyar hujja ba. A 2014 kamfanin Vibram, mai takalmin nan da kowane yatsa ke da gidansa, ya yarda ya biya dala miliyan 3 da dubu 750 don a kashe wata ƙara irin wannan, ko da yake bai amsa laifi ba. Waɗannan fa na ainihi ke nan, balle na jabu da ke ɗauke da sunan da ba nasu ba.

Har ma ƙa'idar da masu kantuna a Turai da Amurka suka daɗe suna bi, bincike ya girgiza ta. Ƙa'idar ita ce a dubi sawun mutum: in tafin ya shimfiɗe duka a ƙasa a ba shi takalmi mai tauri ta gefen ciki, in tsakiyar tafin ta ɗaga sosai a ba shi mai laushi. Sojojin Amurka suka gwada wannan a kan kurata fiye da 7,000. Aka raba su biyu, rabi aka zaɓa musu bisa ga siffar sawunsu, rabi aka ba su iri ɗaya kowa da kowa. Da aka tattara sakamakon a 2014, sai aka ga yawan masu jin rauni bai bambanta ba. A Denmak, a shekarar dai, an ba da rahoton sababbin masu gudu 927 da aka bi har shekara guda, kowa da takalmi iri ɗaya, aka tarar waɗanda ƙafarsu ke ɗan karkata ciki ba su fi sauran jin ciwo ba. Gaskiya kuma ita ce, wani binciken da aka yi a Laksambag a 2016 ya nuna takalmi mai tokari ta gefen ciki ya rage rauni ga masu ƙafar da ke karkata ciki. Daga irin waɗannan ne Benno Nigg, malamin Jami'ar Calgary ta Kanada, da abokan aikinsa suka ba da shawara a 2015 cewa abin da mai gudu ya ji ya fi masa daɗi a ƙafa ya cancanci a ba shi muhimmanci wajen zaɓe.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, siffar ƙafa ita kaɗai ba cuta ba ce. Mai shimfiɗaɗɗen tafi wanda ba ya ciwo, ya bar tafinsa yadda Allah ya halitta shi. Wanda ke ciwo kuwa, sai ya san inda ciwon yake, domin kowane ciwo da irin takalmin da ke sassauta masa.

Na fari, ciwon dunduniya, wanda in ka sauko daga gado da safe takun farko kamar ka taka ƙusa, sa'an nan ya lafa in ka ɗan zazzaga. Asalinsa wata jijiya ce mai faɗi da ta tashi daga dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce aiki ya yi wa yawa. Mai wannan ya nemi takalmi mai soso a ƙarƙashin dunduniya, mai ƙarfi ta baya, wanda ba ya naɗewa a tsakiya kamar tabarma. Galibi ciwon yakan lafa cikin watanni in an rage gudu ana miƙar da sha-raɓa.

Na biyu, ciwon agara. Mai shi yakan sami sauƙi a takalmin da dunduniyarsa ta fi gabansa tudu da milimita 8 zuwa 12, domin hakan na rage jan agarar. Ya duba kuma kada bakin takalmin ta baya ya riƙa gurzar wurin. Wanda ya saba da mai tudu kada ya koma mai shafaffen ƙasa rana ɗaya.

Na uku, wanda babban yatsansa ya karkata wajen 'yan'uwansa, gindinsa ya yi ƙullutu. An fi ganin wannan ga mata, kuma takalmi mai tsini yana daɗa tsananta shi. Haka nan wanda ke jin zafi ko kamar tsakuwa a tsakanin yatsa na uku da na huɗu. Su biyun abin da suke bukata faɗi ne ta gaba, da sama mai taushi, kada ɗinki ya bi ta kan ƙullutun, kada kuma a ɗaure igiya tamau.

Na huɗu, wanda gaɓar babban yatsansa ta sandare saboda amosani. Shi kam ya fi samun sauƙi a takalmi mai taurin ƙasa, wanda gabansa ya ɗaga kamar goshin kwale-kwale, don ƙafar ta mirgina gaba ba sai yatsan ya lanƙwashe ba.

Akwai kuma takalman tsere na yayi, masu tsawon ƙasa da faranti mai tauri a ciki, irin wanda Kipchoge ya sa a Biyana a 2019 sa'ad da ya gama gudun yada-ƙanin-wani cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. A 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta iyakance kaurin ƙasan takalmin tseren titi ga milimita 40. An ƙera su ne domin sauri. Mai raunin idon sawu, ko wanda ba ya jin ƙasa sosai, in ya hau su kamar ya hau kan katifa ne, gurɗewa ba ta yi masa nisa ba.

To, yaya za a yi a kasuwa? Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je bayan la'asar, domin ƙafa takan kumbura kaɗan da yinin rana, kuma haka take yi a cikin gudu. Ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Ka gwada ƙafa biyu, don galibi ɗaya ta fi ɗaya, kuma babbar ake yi wa awo. Kada ka riƙe lamba kamar sunan yanka: ƙirgan Ingila daban, na Amurka daban, na sauran Turai daban, kuma 43 na wannan kamfani ba lalle ya zama 43 na wancan ba. Ka miƙe tsaye, ka tabbata tsakanin yatsanka mafi tsawo da ƙarshen takalmin akwai faɗin babban yatsan hannu. Ka zaro shimfiɗar ciki ka taka ta a ƙasa, in ƙafarka ta zubo ta gefe, takalmin ya yi maka ƙunci. Ka lanƙwasa shi da hannu, ya kamata ya lanƙwashe daidai inda yatsu ke lanƙwashewa. Ka murɗa shi, in ya murɗe kamar tsumma ka ajiye. Ka danna bayansa, in ya lotsa ba gardama ba zai riƙe dunduniya ba. Ka zura hannu ciki ka lalubi ɗinki ko ƙullin gam. Sa'an nan ka sa, ka ɗaure, ka zaga, ka ɗan yi sassarfa a gaban rumfar. In mai kaya ya ce, "Alhaji, ai zai buɗe," ka yi masa godiya ka wuce. Kafin ya buɗe, fatarka ta riga shi buɗewa.

Matan da ba sa zuwa kasuwa da kansu, da tsofaffin da ake yi wa aike, ga dabara. A shimfiɗa takarda mai kauri, mai ƙafar ya tsaya a kai da nauyinsa duka, a zana kewayen kowace ƙafa, a yanke da almakashi. Ɗan aike ya zura takardar cikin takalmin. In ta shiga ta kwanta lafiya lau da ɗan saura a gaba, madalla. In gefenta ya naɗe, haka naman ƙafar zai matsu. Kuma a yi sharaɗi da mai kaya tun kafin a biya, cewa in bai yi ba za a mayar.

Yanzu ga wurin da maganar ta fi nauyi. Hausawa sun ce jiki magayi. To, ina aka nufa in magayin ya yi shiru? Ciwon sukari in ya daɗe yakan lalata jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa gare ta. Mutum ya fara jin dindiris ko zafi kamar barkono, daga baya ya daina jin komai. Duk shawarar da na bayar ta a bi jin daɗin ƙafa, ga irin wannan mutum ba ta isa ba. Hasali ma yakan zaɓi takalmin da ya matse shi, domin sai an matse ƙafar sa'an nan yake jin akwai abu a jikinta.

Wanda ya buɗe idon duniya a kan wannan shi ne Paul Brand, likitan fiɗa Bature da ya yi aiki da masu cutar kuturta a Vellore ta ƙasar Indiya daga 1946. A da an ɗauka cutar ce ke cinye yatsu da kanta. Shi ya nuna yawancin asarar daga rashin jin zafi take: mutum ya taka ƙaya, ko takalmi ya gurje shi, bai sani ba, ya ci gaba da taka mikin har ya ruɓe. Sai shi da abokan aikinsa suka shiga yi wa majinyata takalma na roba mai laushi, gyambo ya ragu. Da ya koma Amurka a 1966 aka ga ilmin nan ya dace da masu ciwon sukari daidai wa daida.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa baligai miliyan 537 ke da ciwon. Wani nazari da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa tsakanin 19 da 34 cikin 100 na masu ciwon za su yi gyambon ƙafa a tsawon rayuwarsu, kuma mafi yawan ƙafafun da ake yankewa saboda sukari da gyambo suka fara.

Saboda haka, ya kai mai ciwon sukari, kafin ka sayi takalmi ka roƙi likita ya gwada jin ƙafarka. Akwai wani ɗan siririn zare na roba da ake dannawa a tafi da nauyin giram 10, gwajin ba ya cin minti biyar. In an tarar jin ya ragu, likita ne zai ce ko gudu ya dace da kai, ko tafiya, ko keke. Tsawon cikin takalminka ya fi ƙafarka da santimita 1 zuwa 2, ya zama mai faɗi da zurfi, marar ɗinki a ciki. Sabo kada ka wuce awa ɗaya ko biyu da shi a ranar farko, ka cire ka duba: duk inda fata ta yi ja ko ta yi duhu, wurin ne yake cizo. Kullum kafin ka sa, ka kakkaɓe ka lalubi ciki da hannu, saboda tsakuwa da ƙusa da kunama. Ka sa safa mai haske, don jini ko ruwa ya nuna. Kullum dare ka duba tafinka da madubi, ko wani ya duba maka. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu. Da hunturu ka shafa mai saboda faso, amma ban da tsakanin yatsun. Kada ka taka dandamali ko kwalta da rana tsaka ba takalmi. Kanta kuma kada ka sa mata reza, kada ka kai ta wurin wanzami. In ka ga miki, ko ƙafar ta kumbura ta yi zafi ko da ba ciwo, to babu gudu babu tafiya, sai asibiti a ranar. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Na san abin da wani zai ce: malam, talaka ina ya ga kuɗin wannan duka, ba gwanjo ne gatanmu ba? Amsa ta fari, tsada ba ita ce lafiya ba. A Jami'ar Dundee ta Sikotlan an gwada takalman gudu masu araha da matsakaita da masu tsada na kamfanoni uku, aka ba da rahoto a 2007 cewa masu arahar ba su gaza masu tsadar ba wajen sassauta wa tafi. Amsa ta biyu, soson takalmin gudu yana da ajali. Galibi ana ƙiyasta masa kilomita 500 zuwa 800. Mai yin kilomita 5 sau uku a mako zai cinye wannan tsakanin wata 8 da shekara guda. Na gwanjo kuwa ba ka san nawa mai shi na fari ya ci ba, kuma soson ya riga ya kwanta bisa ga ƙafar wani. Mai lafiyayyen ji in ya zama tilas ya saya, ya ɗora shi a kan tebur ya duba ta baya, in ya jirkice gefe ya bar shi. Ya duba ƙasan ko ya side, ya danna soson ko yana dawowa. Amma wanda ƙafarsa ba ta ji, ina roƙonsa ya haƙura da gwanjo, ya sayi sabo marar suna wanda ya zauna daidai. Kuɗin wankin gyambo na wata guda ya isa ya sayi takalmin.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga mutum uku. 'Yan kasuwa, ku ajiye benci da abin awo a rumfa, ku bar mutum ya gwada a tsanake, ku karɓi kaya in an mayar. Wanda kuka sayar wa abin da ya yi masa daidai, shi zai kawo muku maƙwabcinsa. Likitoci da ma'aikatan jinya, in kun ce wa mutum ya motsa jiki, ku ce ya cire takalminsa ku duba ƙafar da takalmin gaba ɗaya, wanda kuma ƙafarsa ta sauya siffa ku tura shi inda ake ƙera shimfiɗa da takalmi bisa awo, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Dukawa da masu gyaran takalma kuma, ku da kuka gaji aikin fata kaka da kakanni, ku kusanci ma'aikatan lafiya ku koyi yadda ake faɗaɗa takalmi a kan ƙullutu da yadda ake shafe ɗinkin ciki. Akwai bukata, akwai kuma abinci a wurin.

Ku kuma masu karatu, wanda duk yake da uba ko uwa ko miji mai ciwon sukari, yau da dare ya ɗauko takalminsa ya zura hannu ciki, sa'an nan ya haska fitila ya dubi tafin ƙafarsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita.